Matar da Ke Bayan Farar Ƙasa

A bugu na uku da Doreen Pask ta yi wa ƙusar, bangon coci ya saki. Ɓawon farar ƙasa mai faɗin faifai ya ɓantaro ya tarwatse a daɓe. Tana kan tsani, guduma a hannu, ta ce, "Yesu mai ceto!"

Ta san doka sarai. A cocinmu ko ƙusa ɗaya ba a kafawa sai an rubuta wa ofishin bishop, su yi wata uku suna shan shayi a kan maganar. Wai ginin ya shekara ɗari bakwai. To ita kuma jibi Asabar za a ɗaura auren 'yarta Tamsin, furanni kuwa ba sa rataye kansu.

Ta hure ƙura ta leƙa. Sai ga ɗuwawu. Ta ƙara ɓantarar kaɗan da farce: zanen wata mace ne, tsirara haihuwar uwarta, sai hula a ka da kofin giya a hannu, wani shaiɗani mai ƙaho ya goyo ta yana dariya.

Ƙofa ta yi ƙara. Clive Ormerod ne, mai riƙe da mabuɗin coci, tsohon malamin makaranta, wanda ya rubuta ɗan littafin tarihin cocin da ba wanda ke saya.

"Doreen, me na ji ya faɗi?"

"Ba komai. Je ka duba kaburburanka."

Ina, ya riga ya gani. Ya cire tabarau, ya mayar.

"Zanen Ranar Shari'a ne! Tun da cocin ƙasar nan ya raba gari da Paparoma aka shafe shi da farar ƙasa. Shekara talatin ina cewa yana nan, kuna ce mini na zare. Kin ga wannan? Mai sayar da giya ce da ke tauye wa mutane awo, za a kai ta wuta. Yau ɗin nan zan kira masana."

"Kira wa? Su zo su kakkafa ƙarafa su rufe mana coci wata tara, kamar yadda suka yi wa mutanen ƙauyen Wenlow? A nan aka ɗaura wa uwata aure, a nan aka ɗaura mini. 'Yata ba za ta je ofishin rajista ba kamar mai sabunta lasisin mota."

"Doka ce, Doreen."

Ta sauko daga tsani a hankali, ta ajiye guduma.

"Jemagun da ke hasumiya ma doka ta hana a taɓa su. Wa na gani bara ya hau da gwangwanin hayaƙi, don sun yi masa kashi a kan littattafai? Ka kira masananka, ni ma in kira masu jemage."

Clive ya dubi shaiɗanin, ya dubi Doreen, kamar yana auna wanda ya fi sauƙi.

"Sai Litinin zan kira su," ya ce.

"Allah ya yi maka albarka. Riƙe mini tsani."

Suka ɗauko tsohuwar tutar zumuntar mata, wadda asu ya cinye wa gefe, suka rataye ta a ƙusar nan mai laifi. Ta rufe komai tsaf. Doreen na share ɓaraguzai ke nan sai ga Sheila Budgen, uwar ango, mai gidan giyar ƙauye. Kowa ya san kofin Sheila: yatsa uku kumfa ne, sauran ka gode wa Allah.

Ta zagaya tana shinshina furanni.

"Ayya Doreen, ƙawata, kin yi ƙoƙari. Na lambunki ne, ko? An gani." Sai ta ɗaga kai. "Wannan tsumman fa? A kan kujerata daidai? Ni ce a layin gaba, nan za a yi ta ɗaukar hoto."

Nan ne Doreen ta dube ta da kyau, abin da ba ta taɓa yi ba. Hancin nan mai lanƙwasa. Haɓar nan biyu. Har ƙaramin bakin nan a tsuke, sak matar da ke cikin zanen. Dangin Sheila sun fi itacen maƙabarta daɗewa a ƙauyen nan, kuma ba a taɓa sanin su da wata sana'a ba. Clive ma ya gani, don tari ya sarƙe shi har sai da ya dafa mumbari.

"Tutar iyayenmu ce, Sheila. A bar ta."

"Iyayenku su yi haƙuri. In ba ki cire ba, ni da hannuna zan fizge ta ranar Asabar, coci na cike, amarya na bakin ƙofa. Kin san ni."

Doreen ta yi lissafi. Amarya na bakin ƙofa, ai ko bishop da kansa bai isa ya rufe coci ba.

"Yadda kika ce, surukata."

Da Sheila ta fita, Doreen ta durƙusa gaban bagade, ta roƙi Ubangiji kada ya kai ta cikin jaraba. Ba ta daɗe ba. Ta tashi ta kaɗe gwiwa, ta hau tsani, ta sassauta igiyar tutar kaɗan, don kada ta wahalar da baiwar Allah.