Kalmomin da Suka Rage wa Hajiya Safiyatu

Shekara talatin Hajiya Safiyatu tana sayar da koko da ƙosai a wata rumfa a ƙofar gidanta a unguwar Akwatialine, kafin hawan jini ya kayar da ita a gaban murhu. Ta tashi da hannun dama a sake, magana kuma ta tarwatse.

'Yarta Hikma ce ta fara lura cewa ba duk kalmomin ne suka tafi ba. Tukunya, wuta, ludayi, akuya, duk suna fitowa. Amma "dalili" ko "yarda" ko "haƙƙi", sai bakin ya yi ta motsi a banza. Likitar da ke koya mata magana ta ce haka abin yake: kalmar da mutum ke ganin hotonta a zuci tana da hanya biyu a ƙwaƙwalwa, ta sauti da ta gani. In ɗaya ta toshe, sai a bi ɗayar.

Isifu, ƙanen Hajiya, bai yarda da wannan ba. Ranar Juma'a ya tara dangi a tsakar gida, ya ce hankalinta ya gushe, gara a rufe rumfar a kai ta gidansa a Tafo.

"Yaya, kin fahimci maslahar?" ya tambaye ta da ƙarfi, kamar mai magana da kurma.

Leɓenta ya yi rawa, kalma ta ƙi zuwa.

"Kun gani ko?" in ji Isifu.

Hikma ta yunƙura za ta yi magana, uwar ta riƙe mata zani. Ta lumshe ido jim kaɗan, sannan ta buɗe.

"Gida," ta ce, tana buga sanda a ƙasa. "Bulo. Siminti. Kaina." Ta dafa kanta, inda ta ɗauko su. Ta nuna Isifu. "Kai. Goyo. Bayana. Majina."

Wata gwaggo ta tuntsire da dariya.

"Yaya, ai don lafiyarki..."

"Takalmi," in ji Hajiya, tana nuna nasa. "Ƙofa."

Isifu ya dubi dangi, babu wanda ya ɗago ya dube shi. Ya saka takalmansa ya fita.

Bayan sati biyu rumfar ta buɗe. Hikma ke damu, Hajiya na zubawa da hagu, duk wanda ya tsaya yana kallon ta da tausayi kuma sai ta daka masa tsawa: "Kwano!"