Ganyen da Fatawu Ke Aikowa

"Sahadatu, ajiye gwangwanin madarar nan. Yau ban da madara."

Na tsaya da cokali a hannu, na dubi innata, ita ma ta dube ni. Mma Atikatu, maƙwabciyarmu mai ɗakin kusa da rijiya, tana kwance a kan tabarma an tokare mata baya da matasai. Tun da ƙafafunta suka kumbura ta daina fita da kokonta bakin tasha, muryarta ta sirance har sai mutum ya sunkuya yake ji. Amma wannan maganar ta fito sarai.

A bakin ƙofa ƙanenta Baba Idirisu ke zaune kan turmin da aka kifa, laka har gwiwar wandonsa. Falken shanu ne, tsakanin Bawku da Yendi yake yawo, sai jefi-jefi yake gangarowa Salaga. Ya tura ƙunshin takardar siminti kusa da tabarmar.

"Yaya, ga saƙon ɗanki. Fatawu yana gaishe ki. Direban da ya kawo ya ce ya yi ƙiba, har da tumbi."

"Tumbi?" in ji Mma Atikatu. "Fatawu? Yaron da in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa?"

"To, auren ya karɓe shi."

Innata ta yi dariya. Mma Atikatu ba ta yi ba.

Bari in ɗan koma baya. Ban san ko haka masu rubutu ke yi ba, amma in ban faɗa ba ba za ku gane ba.

Mma Atikatu ta yi shekaru a saman dutsen Mambila, can Najeriya, tana tsinkar ganyen shayi a wata babbar gona. A can mijinta ya rasu. Shekarar da aka koro 'yan Gana ta dawo a bayan lori da jaka ɗaya. Ɗanta tilo, Fatawu, ya ƙi biyo ta saboda wata yarinya da yake nema. Bai iya rubutu ba, ita ma ba ta iya karatu ba. Sai ya riƙa ba wani direba ƙunshin ganye, direban ya ratso Togo ya kai Bawku, Baba Idirisu ya karɓa ya kawo mata.

Mu a zangonmu duk abin da ya yi zafi aka zuba masa madara, ti ne. Ita kuwa ba ta yarda ruwan rijiya ya taɓa ganyenta. Ruwan sama take tara masa a tulu, ba ta tafasa shi a tukunya, ba citta, ba kanumfari. Ta zuba masa ruwan zafi, ta rufe da faranti, ta jira. Ni nakan fake a ɗakinta da littafina in na gaji da tsokanar yaran gida, ita ta koya mini haɗa shi.

"Can sama gajimare yana shigowa har cikin ɗaki," ta taɓa ce mini. "Da safe yatsu ba sa lanƙwasuwa. Ganye ba ya sauri a wannan sanyi. A hankali yake fitowa, ƙanƙane, yana tara ƙamshinsa. Na ƙasa kuwa, inda ake zafi irin namu, kafin ki juya ya yi faɗi. Ga launi, ga ƙarfi, amma in kin haɗiye shi ke nan, ba ya barin komai a baki."

Sai wata shekara ta fara sa madara da sukari. Innata ta riƙa yi mata tsiya, wai tsufa ya zo da kwaɗayi. A wannan shekarar kuma ta fara raba wa yara ƙosai kyauta kowace Juma'a. Ba wanda ya tambaye ta dalili.

To, ranar da nake ba ku labari, ta lalubi ƙarƙashin matashi ta zaro wani ɗan ƙyalle da aka ƙulle bakinsa. Ta miƙo mini.

"Kofi biyu. Ɗaya da wannan, ɗaya da wanda kawunki ya kawo. Ruwan tulu."

Abin da ke cikin ƙyallen bai cika cokali ba. Na juye shi ina tsoron kada ko ƙwaya ta faɗi ƙasa. Da na ɗaga farantan, kofi ɗaya ya yi ja mai haske, ana hango gindinsa. Ɗayan ya yi duhu kamar ruwan jiƙo.

"Ba Idirisu ya sha," in ji Mma Atikatu.

"Haba Yaya, ni da ti? Ni duk ɗaya ne wurina. A ba ni koko in akwai."

"Kokon ya kwanta ciwo. Sha."

Ya ɗauki mai hasken ya kurɓa, ya yatsine fuska. "Wannan ai bai dahu ba. Sahadatu, rowa kika yi mini?" Ya sake kurɓa, ya riƙe a baki. "Amma dai... yana da wani ƙamshi. Kamar ciyawa in an yi ruwan fari."

"Ɗayan fa?"

Ya sha. "Wannan shi ne ti. Ya kama maƙogwaro."

"Na farkon Fatawu ya aiko," in ji Mma Atikatu. "Na biyun kai ka aiko."

Innata ta daina fifitar da take mata. A tsakar gida wata na daka, taɓaryar na sauka, na sauka.

"Yaya, wace irin magana..."

"Idirisu, da yatsun nan na tsinke shi. Ganyen da kake kawo mini bai taɓa kwana cikin gajimare ba. A ƙasa ya tashi. A kasuwar Bawku kake saye, ka naɗe a takardar siminti, har ka koyi irin ƙullin da yaron ke yi." Ta tsaya ta nemi numfashi. "Ba faɗa na kira ka ba. Tafiya zan yi, ba na so in tafi ban sani ba. An yi masa wanka? An sallace shi?"

Ban taɓa ganin babban mutum yana kuka ba sai ranar. Baba Idirisu ya cire hula ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa na girgiza.

"Lori ne," ya ce daga cikin hular. "Sun ɗauko kaya suna gangarowa, birki ya tsinke a kwana. Direban da ke kawo saƙo shi ya gaya mini a tashar Bawku. Na zo har ƙofar gidan nan zan faɗa miki, na tarar da ke kina dama koko kina waƙa. Sai na koma."

"An sallace shi?"

"An yi. Mutane da yawa. Duk ma'aikatan gonar."

"A ina aka sa shi? Sama ko ƙasa?"

"Sama. Sun mai da shi sama, kusa da babansa."

Ta buɗe ido ɗaya ta dube shi. "Wannan ma ba a kasuwar Bawku ka sayo ba?"

"Wallahi tallahi, Yaya. A kawo Alƙur'ani in dafa."

"Bar shi. Na yarda." Ta lumshe ido. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sama. To, alhamdu lillahi. Ba ya son zafi dama."

Innata tana share hawaye da bakin mayafi. Baba Idirisu ya sauko daga turmin ya durƙusa gefen tabarmar.

"Kin sani duk shekarun nan, kika bar ni ina ta zuba miki ƙarya? Har tumbi na yi masa."

"Tumbin ne ya ishe ni." Bakinta ya ɗan motsa kamar za ta yi murmushi. "Tun kurɓar farko na sani. Amma in na tambaya, dole ka faɗa. In ka faɗa, ya tabbata. Ban shirya ba, Idirisu. Sai na sa madara."

Ta nemi kofin mai haske. Na tallafi kanta, na kai mata baki. Ba ta iya haɗiya ba, ya zubo ta gefen leɓe. Ta ce in bar shi kusa da hancinta kawai. Na riƙe har tururin ya ƙare, hannuna ya sage, ban sauke ba sai da ta yi barci.

Ranar Alhamis bayan azahar ta cika, Baba Idirisu na riƙe da hannunta. Bai koma Yendi ba, ya bar shanunsa a hannun yaransa.

Ranar sadakar uku matan gida suka kwance ƙunshin takardar siminti, suka juye duka a babbar tukunya, da citta da kanumfari da madara. Kowa ya sha ya yaba. Da malamai suka ɗaga hannu, Baba Idirisu ya matsa kusa da liman ya ce a haɗa da Fatawu ɗan Atikatu. Mutane suka dubi juna, aka shafa.

Da yamma innata ta aike ni in share ɗakin. An naɗe tabarmar, an jingine ta a bango. Tulun ruwan sama yana nan rabi. A kan taga na ga kofin, ba wanda ya wanke shi. Ruwan ya ƙafe, ganyen ya kwanta a gindi, ya buɗe, 'yan ƙanana, ba wanda ya kai farcen ɗan yatsana. Na ɗauka zan kai wurin wanke-wanke, sai na mai da shi inda yake, na jawo ƙofar.