Harafin da Yaya Ya Tsallake

Ofishinsu ɗaki ɗaya ne a saman wani kantin magani, tebur biyu da fanka mai ƙara. Yaya ke tsara samfurin shafukan yanar gizo. Ƙanwarsa Auta kuma ke rubuta fayil ɗin XSLT, wanda ke juya bayanan XML su zama abin da mutum zai iya karantawa. Shafin Yaya kan miƙa wa fayil ɗin Auta ɗan saƙo mai suna, misali harshen da mai karatu ya zaɓa. In sunan ya saɓa ko da harafi ɗaya, saƙon ba ya isa, sai shafi ya fito fayau.

Bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Yaya, ya dawo aiki da hannun hagu kaɗai, bakinsa a ɗan karkace. Ranar farko ya rubuta "harse" maimakon "harshe". Shafin bai nuna komai ba. Ya zuba wa kwamfutar ido, gumi na tsattsafo masa, ya kasa gano inda ya kuskure.

Auta ta gani daga kujerarta. Ta buɗe nata fayil ɗin, ita ma ta cire harafin. Shafin ya cika.

"Kin gani?" in ji Yaya yana murmushi. "Tsohon hannu bai mutu ba."

Haka suka ci gaba, yana kuskure tana bin sawunsa tana gurgunta nata rubutun. Wata safiya ta sauka sayo masa magani. Da ta hawo, ta tarar da shi a kujerarta, fayil ɗinta a buɗe.

"Auta, yaushe kika daina iya rubutu?"

"Yaya, sauri ne..."

"Da can, harafi ɗaya na tsallake sai kin tara mini jama'a. Ki ce yatsuna sun fi ƙarfin madannan kwamfuta." Ya goge gefen bakinsa da hankici. "Yanzu lallaɓa ni kike kamar ƙwai."

Ta buɗe baki ta zolaye shi, kuka ya riga ta.

Ya zauna yana gyara sunayen ɗaya bayan ɗaya da yatsa guda, nasa da nata, bai yarda ta taɓa ba. Da ya gama ya ce ta kira matarsa ta zo ta ɗauke shi. Washegari matar ta bugo waya, ta ce ya tashi lafiya, ya ci abinci, amma ya ce kada a goge masa kayan fita aiki.