Gonar Masu Musu

Ranar wata Laraba bayan azahar barci ya ɗauke ni a zaure, ina jingine da bango, raina ba daɗi. Ni ne Cindo mai lissafin taurari. Shekara talatin ke nan ba a zuba iri a garinmu sai na ce lokacin shuka ya yi.

Da safiyar nan muka kara da Hindatu malamar gona a ƙofar mai gari, don an yi ruwan fari. Ta ce duniya ta ɗumama, damina ta sauya hali, ruwan fari yanzu sai ya zo ya ɗauke sati uku, a dakata. Na ce, "Ke yarinya, ruwa na Allah ne, ba na rediyo ba!" Aka kwashe da dariya. Nan yayata Tabawa ta matso. Mijinta ya rasu, jikoki uku take ciyarwa, ƙwarya biyu ta irin gero ce kaɗai ta rage mata. Ta ce, "Cindo, in shuka?" Jama'a na kallona, na ce, "Ki shuka, Yaya."

To a barcin nan sai ga mahaifina, wanda ya koya mini lissafin, shekara ashirin da rasuwarsa. Bai amsa gaisuwata ba, ya ce, "Taso."

Muka shiga wani birni mai ƙofar ƙarfe, babu inuwa ko ta tsinke. Rana ta sauko har tana taɓa rufin gidaje. Na ga mutane kowa rungume da kututturen itace yana ci da wuta, in ya toye ya zama toka sai ya koma ɗanye. Na ce, "Baba, su wa ke nan?"

Ya ce, "Waɗanda aka ba amanar daji suka sayar wa masu gawayi mota-mota. Inuwar da suka sare suke nema."

Gaba kaɗan ga wasu manya da babbar riga a cikin lambatu, ruwa na hawa har haɓarsu, katifu da tukwane da akuyoyi na wucewa ta gabansu. Baba ya ce shugabanni ne da suka yanka hanyar ruwa suka raba filaye, ambaliya ta ci unguwa, suka zo jaje da masu ɗaukar hoto. Sai wani dogon gida ba taga. A ciki akwai mutanen ƙasashe masu nisa da na kusa, masu manyan masana'antu, kowa an ɗaura masa bututun hayaƙinsa a hanci. Wallahi na ji sanyi a raina. Na ce, "Madalla! Ashe su suka ɓata mana damina."

Baba ya dube ni. "Ashe ka san ta ɓaci?"



Ya ja ni bayan birni, wata gona da ido ba ya ganin iyakarta, ƙasarta kamar kaskon tuya. Mutane ne a durƙushe suna tono da farce. Akwai masu wa'azi, akwai masu surutu a rediyo, akwai sarakunan majalisar shayi. Kowa na tsintar ƙwayar gero ɗaya-ɗaya yana sa wa a ƙwarya, yatsunsu duk sun sale.

Na ce, "Waɗannan fa? Ban ga gatari a hannunsu ba."

Ya ce, "Ba su sare ko reshe ba. Gani suka yi, suka ce ba su gani ba, don kada a ce yaro ya fi su sani. Duk ƙwayar da wani ya zuba a ƙasa bisa maganarsu ta ƙone, sai sun tsince ta sun mayar wa mai ita."

Na ce, "Baba, ai ni lissafinka na riƙe, ban ƙara ba, ban rage ba."

Ya daka mini tsawa. "Kada ka jingina mini! Ni sama nake duba, in duba ƙasa, sannan in yi magana. Kai takardata ka haddace ka rufe ido. Shekara nawa lissafin nan yana saɓa maka?"

Na ce bakwai. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko matata.

"Ka ce ruwa na Allah ne. Gaskiya ne. Idon da ka ga shekara bakwai ɗin da shi, wa ya ba ka?"

Ya nuna mini wata kunya wadda babu kowa a kanta, ga ƙwarya biyu a ajiye. Na gane su. Ɗaya tana da ɗinkin da Yaya Tabawa ta yi mata da zare baƙi. Ya dafa kafaɗata ya danna ni ƙasa, gwiwata ta taɓa wutar nan, na kurma ihu.

Na farka ina salati, riga ta jiƙe sharkaf. Ko takalmi ban tsaya nema ba. Ina gudu ina rantsuwa cewa yau bayan magariba zan tsaya a ƙofar masallaci in ce lissafina ya daina ci, a saurari Hindatu, duk mai dariya ya yi. Na ɗaga kai, sama fes, babu gajimare ko ɗaya.

Na iske Yaya a ƙarshen gonarta, tana kakkaɓe ƙwarya ta biyu. Ta share zufa, ta yi mini murmushi.

"Lafiya kake gudu haka da girmanka? Ai na gama. Dā na so in rage rabi, sai na ce haba, ƙanena bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Na karɓi ƙwaryar daga hannunta, na durƙusa a kan ramin farko, na fara tono.