Ranar da Aka Karrama Bartholomew

Wata bakwai ke nan Humu, 'yar Kumasi mai aikin jinya a gidaje, tana kula da Bartholomew a gidansa da ke Woodbridge. Shekarunsa hamsin da huɗu kacal, amma sai an tuna masa ya ci abinci. A da ɗan wasan hoki ne, irin wanda ake yi a kan ƙanƙara, kuma ba don iya wasa aka ɗauke shi ba. Idan an taɓa ɗan ƙungiyarsu, shi zai yar da sandar wasa ya cire safar hannu a yi dambe. Likitoci sun ce dukan da kansa ya sha ne ya taɓa ƙwaƙwalwar.

Da tsohuwar ƙungiyarsa ta aiko za ta karrama shi, matarsa Olive ta ce ba da ita ba. Ƙanwarsa Martina ta dage.

"Tsoron irinsu ne ke hana mugunta a fili," in ji Martina. "A hana faɗan, a ga yawan waɗanda za a karya da sanda. Kuma ba wanda ya tilasta shi."

Olive ta ce, "Jiya ya tambaye ni ko ni ce sabuwar ma'aikaciya. Ki kai shi, ni ba zan tafa wa wannan ba."

Ranar Lahadi da rana Martina ta ɗauke shi, Humu ta bi su da jakar magani. Sanyin filin wasan ya ratsa Humu har ƙashi. Lokacin hutu aka kira sunansa, aka haska tsoffin faɗace-faɗacensa a babban allo. Jama'a suka miƙe suna ihu. A allon wani matashi ya shaƙo rigar wani yana ta narka masa naushi, jini na ɗiga a ƙanƙara.

Bartholomew ya damƙi hannun Humu. "Wane ne wancan?"

"Kai ne, Mista Bartholomew."

"Ku raba su mana! Zai kashe yaron nan."

Kafin ta riƙe shi ya miƙe ya nufi fili. Wani mai gadi ya riƙo shi ta baya, shi kuwa ya juyo ya kai masa naushi ɗaya, hancin mutumin ya fashe. Na kujerun nesa suka zaci shiri ne, suka ƙara tafi. Martina ta tsaya da hannu a baki. Humu ce ta durƙusa ta danne hancin mai gadin da mayafinta.

Bayan kwana tara aka kai Bartholomew gidan jinya mai ƙofa a kulle. Humu ta zauna da Olive a falo suna rubuta sunansa a wuyan riguna, don kada su ɓace a wanki. Washegari kamfanin da Humu ke yi wa aiki ya tura ta wurin wata tsohuwa a Beltsville.