Tsakuwar Mama

Aikina ɗaukar hoton ciki ne. A kan teburina akwai wata 'yar kwalba da tsakuwa a ciki. Duk wanda na gano wa tsakuwa a maɗaciya, ya hau rawar jiki don tsoron wuƙa, sai in girgiza masa kwalbar.

"Ka ga wannan? Daga cikin mahaifiyata aka ciro ta, ga ta can garau."

Yayana ne ya kai Mama aikin bara, ina can wajen kwas. Da hannunsa ya miƙo min kwalbar, ya ce an cire maɗaciyar gaba ɗaya. Har kuka na yi, ina ta sa masa albarka.

Jiya da safe ya shigo da ita ranga-ranga, idanunta sun yi rawaya, zazzaɓi kamar wuta. Mama ba ta taɓa yarda na ga cikinta ba, wai kunya. Na ce yau kam kunya ta yi haƙuri. Na ɗaga rigar.

Babu tabo. Ko na allura.

Na shafa mai, na ɗora na'urar a ƙasan haƙarƙarinta na dama, inda ya kamata in ga wayam a gindin hanta. Innalillahi! Ga maɗaciya nan ta kumbura, cike da tsakuwa. Bututun da ke kai ruwanta hanji ya faɗaɗa, tsakuwa ɗaya ta sauka ta toshe shi.

"Yaya, wannan mene ne?"

Ya sunkuyar da kai. "A ƙofar tiyata ta riƙe ni tana kuka. Me zan yi?"

"Ka kira ni mana! Ni ba 'yarta ba ce?"

"Ke ai da kin tilasta min," in ji Mama, muryarta can ƙasa. "Kar ki ga laifinsa. Tsakuwar kwalbar nan, ni na tsinto ta a bayan gidanmu, na wanke ta tas."

Wallahi raina ya ɓaci. Su biyu suka haɗa kai, suka mai da ni sakarya.

Aka shiga da ita tiyata a guje. Likita ya ce da bara ne, da aikin wasa ne. Bai yi min alkawarin komai ba.

Na koma ɗakina. Wani dattijo na kwance yana jirana, ya nuna teburin.

"'Yata, ita ce tsakuwar mahaifiyarki da ake faɗa? Ya jikin nata?"