Su Uku a Lisbon

Tun suna firamare a garinsu Santa Ana, ba a ganin Yamileth sai da Griselda. Benci ɗaya suka zauna, tare suka gama sakandare, kuma shekara ɗaya suka samu gurbin karatu a ƙasar waje, a birnin Sevilla. A can ne rabon ɗakunan kwana ya raba su. Griselda ta faɗa ɗaki ɗaya da wata Ottavia, 'yar Italiya, doguwa mai ƙarar dariya, wadda ba ta iya magana sai ta dafa kafaɗar mutum.

Tafiyar Lisbon ta ƙarshen mako Yamileth ce ta shirya ta. Ita ta nemo mota, ita ta kama masauki, a ranta su biyu ne. Ana gobe tafiya Griselda ta kira ta.

"Af, ƙawata, na manta ban gaya miki ba. Otta ma za ta bi mu. Ba damuwa ko?"

"Damuwar me?" in ji Yamileth. Ta ajiye wayar. Wato har an kai ga "Otta".

Ranar Asabar suka wuni suna hawa da gangara a unguwannin Lisbon. Titunan matsattsu ne, mutum biyu kawai suke ɗauka a jere, kuma kullum Yamileth ce a baya. Tana jin su suna ƙyalƙyala dariya kan wani malami da ba ta sani ba. A bakin kogi Griselda ta miƙo mata waya.

"Yami, ɗauke mu mana. Ki tabbatar gadar ta fito."

Ta ɗauka. Gadar ta fito tsaf, kan Ottavia kuwa rabi ya shiga.

Abin da ya fi ci mata rai a wurin cin abinci ya faru. Griselda na ɓare gasasshen kifi tana ba Ottavia labarin ranar da suka saci mangwaron limamin cocinsu, kare ya bi su har cikin kasuwa. Wannan labarin nasu ne, su biyu. Ottavia kuwa har ta riga ta san sunan karen.

"Lafiya kika yi shiru?" Griselda ta tambaye ta.

"Takalmi ne ya matse ni."

Washegari Griselda ta tashi da ciwon ciki. Kifin bai karɓe ta ba. Ta kwanta ta duƙunƙune, ta ce su je su nemo mata magani kada su tsaya a kanta kamar masu gadin gawa. Haka Yamileth ta sami kanta a titi ita da Ottavia.

Lahadi ce, kantunan magani na kusa duk a rufe. Suna cikin hawan wani tudu Ottavia ta tsaya cak, ta juyo.

"Ke, tsaya. Na san ba kya ƙaunata."

"Wa ya ce miki?"

"Fuskarki. To bari ki ji, ni ma na gaji da ke. Tun kafin in gan ki na gaji da ke. Na dafa mata taliya, ta ce ba ta kai wainar masarar Yami ba. Na raka ta asibiti, ta ce da Yami ce da ta san abin da za ta gaya wa likita. Yami kaza, Yami kaza. Ni fa ba ni da wata ƙawa a garin nan sai ita!"

Idanunta sun ciko. Yamileth ta san ya kamata ta tausaya mata, amma abin da ta fara ji daɗi ne, wani sanyi har tafin ƙafa. Sai da ta kawar da kai don kada murmushinta ya fito. Tausayin daga baya ya zo, shi ma ba da yawa ba.

"Share fuskarki, mutane na kallonmu," ta ce. "Kuma bar neman kantin nan. Griselda ba ta shan ƙwayar magani, ɓoyewa take a ƙarƙashin filo. Na'a-na'a da lemon tsami za mu saya."

A ɗakin girkin masauki Yamileth ta tafasa ganyen yadda kakar Griselda ke yi. Ottavia na tsaye a gefe tana lura da komai. Da Yamileth ta zuba a kofi, sai ta miƙa wa Ottavia.

"Ungo, kai mata. Amma ki ce ni na dafa."

Griselda ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Me kuka ƙulla ne ku biyu?"

"Sha ki tashi, malama," in ji Yamileth. "Mota ba za ta jira ki ba."

Ba su zama ƙawaye ba, ita da Ottavia. Suna gaisawa dai, wani lokaci har su haɗu su yi wa Griselda tsiya. Da hutu ya matso, Ottavia ta gayyace su gidan iyayenta a Roma, su biyun. Yamileth ta ce za ta yi shawara, ta bar ta tana jira har mako ya zagayo kafin ta ce to.